Tsufan Ido: Darasin Da Ƴan Kasuwa Za Su Ɗauka Daga Wurin Maharba

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan magana haka take, to amma akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba, shi ne abin da yaro yake gani sarai a tafin hannunsa, babba sai ya miƙa hannu nesa, ya ƙanƙance ido, ya fita waje neman haske kafin ya gane ko mene ne. Wata tafiya da na yi zuwa Anu Araren ce ta sa na ga ya kamata mu tattauna wannan matsala, domin kuwa ta shafi aljihun duk wanda ya doshi shekara 40 yana neman abinci a kasuwa.

Ga wanda bai san wurin ba, Anu Araren yana arewa da Agadas, kusa da garin Cirozerin, kuma nan ne ake haƙar gawayin ƙasa. A shekarar 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin wannan aiki, tashar wutar lantarkinsa kuma ta fara aiki a farkon shekarun 1980, inda ta riƙa ba mahaƙar yuraniyom ta Arlit wuta, tare da garuruwan Agadas da Cirozerin da Arlit ɗin kanta. Wuri ne na ma'aikata da masu kaki da ƴan kasuwa, ga rana mai kashe ido, ga ƙura. A can nake da wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi aikin kaki shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya.

Ranar da kawu ya ji kunya

Muna zaune da yamma ana shan shayi sai na ga ya ɗauko wayarsa ya miƙa ta can nesa kamar mai tsoron ta fashe. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, hannun ne ya gajarce." Daga nan hira ta kai mu ga wani labari da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce a lokacin ƙuruciyarsa yana cikin waɗanda ake nunawa da yatsa wajen harbi da ƙaramar bindiga ta hannu, wadda ake kira fistol. To da ya kai shekara 46 ko 47, sai aka fita atisayen harbi, ya tsaya kamar yadda ya saba, ya miƙa hannu, ya ja kunama, amma da aka je duba allon sai aka tarar harsasan sun watse, wasu ma ba su taɓa allon ba. Yaran da shi ya koya wa riƙon bindiga suna ta sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Da farko ya ɗora laifin a kan bindigar, daga baya ya ce ko hannunsa ne ya fara rawa, har ta kai ya yi zargin ko wani ne ya yi masa baki. Ya kashe kuɗi a kan jiƙe-jiƙe da turare, bai ga canji ba. Abin da ya fi rikita shi shi ne yana hango raƙumi a can ƙarshen fili, yana iya karanta lambar mota daga nesa, saboda haka bai taɓa kawo wa ransa cewa ido ne ba. Sai da ya yi kusan shekara biyu cikin wannan hali kafin wani ma'aikacin lafiyar ido ya gwada shi, ya gaya masa cewa idonsa lafiya lau, tsufa ne kawai ya fara.

Ba kawuna kaɗai ba ne. Idan mai karatu bai manta ba, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga Afrilun 1995 an ɗauki matasa da dama na wannan yanki aikin kaki, sannan a ranar 25 ga Satumban 2000 aka ƙona makamai a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Duk wanda yake saurayi ɗan shekara 25 a wancan lokaci, yau ya kai 50 ko ya haura. Ke nan akwai tsara guda na mutanen da ko dai suna kan wannan gaɓa, ko sun wuce ta.

Me ke faruwa a cikin ido?

A cikin idon kowa, bayan baƙin ido, akwai wani ɗan madubi garai-garai mai taushi. Idan za ka kalli abu na kusa, wata ƴar tsoka ce ke motsawa madubin ya ƙara kauri, idan kuma za ka kalli nesa sai ya koma yadda yake. Yaro ƙarami madubinsa laushi gare shi, shi ya sa yake iya ganin abu tsaf ko da tazarar santimita 10 ce daga idonsa. Yayin da shekaru ke tafiya madubin yana ta ƙara tauri a hankali, ba tare da ciwo ko ja ba. Daga shekara 40 zuwa 45 sai mutum ya ga rubutu ya fara dushewa a inda ya saba riƙe takarda, idan ya kai 60 kuwa kusan madubin ya daina lanƙwasawa gaba ɗaya. Wannan ba cuta ba ce, kamar furfura ne, ba ya barin attajiri, ba ya barin talaka, kuma babu wani abinci ko ganye ko ɗigon magani na kasuwa da zai mayar da madubin ƙuruciya.

To ina ruwan wannan da harbi? Mai harbi da ƙaramar bindiga abu uku yake jerawa a layi ɗaya. Akwai ƴar tsaga a bayan bindigar, akwai ɗan ƙarfe a tsaye a kan bakinta, sannan ga abin da ake hari can nesa, misali mita 25. Ido ba ya iya ganin ukun nan tsaf a lokaci guda, ko idon saurayi ne. Saboda haka masu koyar da harbi suke cewa a tsayar da ido a kan ɗan ƙarfen gaba, a bar abin harin ya ɗan yi dishi-dishi. Shi kuwa wannan ɗan ƙarfe, idan an miƙe hannu, tazararsa daga ido ba ta wuce santimita 60 zuwa 80 ba, wato daidai inda tsufan ido yake kama mutum. Idan ƙarfen ya dushe, maharbi ba zai san ko ya karkata ba, kuma da yake bindigar gajera ce, karkatar da ba ta kai kaurin ƙwayar gero ba a hannu tana iya zama kusan faɗin tafin hannu a kan allo. Ka ji dalilin da ya sa kawu yake hango raƙumi amma yake kuskuren allo.

Har zakarun duniya bai bari ba

Kada a ɗauka wannan matsalar mutanen ƙauye ce. Akwai wata mata ƴar ƙasar Jojiya mai suna Nino Salukvadze, wadda ta ci lambar zinariya a harbin ƙaramar bindiga a gasar Olamfik ta birnin Seul a shekarar 1988, tana da shekara 19. A gasar Tokyo da aka yi a 2021, tana da shekara 52, ta ba da sanarwar za ta ajiye wasan saboda ganinta ya ragu. Duk da haka ta sake dawowa a gasar Paris ta 2024, ta zama mace ta farko da ta halarci Olamfik har sau 10. A wannan gasa ta Paris ne kuma wani Baturke mai suna Yusuf Dikec, ɗan shekara 51, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar wasansa a harbin mita 10, yana sanye da tabarau irin na kowa da kowa, hannu ɗaya a cikin aljihu, har hotonsa ya zaga duniya.

Dabarun da irin waɗannan maharba suke bi guda uku ne. Ta farko, suna sa a yanka musu gilashi daidai da tazarar ɗan ƙarfen gaba. Gilashin karatu mai ƙarfi ba ya yi musu, domin shi yana tsayar da gani ne a wajen santimita 40, sai abin harin ya ɓace ɗungurungum. Mai rauni suke nema, kamar +0.75 ko +1.00, wanda zai fito da ƙarfen ba tare da ya shafe allon ba. Ta biyu, suna maƙala wani abu mai ƴar ƙaramar huda a gaban ido, domin leƙe ta ƙaramar kafa yana sa na kusa da na nesa su fito tare. Ta uku, a wasannin da doka ta yarda, akwai wata na'ura da ake ɗorawa a kan bindiga mai nuna jan ɗigo, inda maharbi yake kallon nesa kawai ya ɗora ɗigon a kan abin hari.

A nan ya kamata in yi wani jan kunne. A ƙasarmu riƙe bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, kuma tun 1994 akwai hukumar da aka kafa domin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Maganata ga masu kaki ce da masu gadi da mafarautan da ke da takarda. Ido ba a kusa kaɗai yake tsufa ba, har da duhu. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. Mutumin da ke riƙe da makami da dare, ya ga inuwa ta gitta bai tantance ɓarawo ne ko yaron makwabta ne ya biyo akuyarsa ba, wannan ya wuce maganar kunya a gaban yara, maganar rai ce, kuma harsashi idan ya fita ba a kiransa ya dawo. Duk mai irin wannan aiki da ya haura 40, ya je a gwada idonsa kafin ƙaddara ta gwada shi.

Mu dawo kasuwa

Muna cikin wannan hira sai matar kawu, wadda ke sayar da albasa da tafarnuwa da tumatir irin wanda ake kawowa daga lambunan dutsen Ayar, ta sa baki ta ce, "Kai ka ji kunya ne kawai, ni kuwa kuɗi na yi asara." Ta ce sau da dama da magariba takan ba da canjin dala ɗari a matsayin dala arba'in, saboda ƙwandalolin sefa 200 da 250 da 500 duk masu launi biyu ne, idan haske ya yi ƙasa sai su yi mata kama. Littafin bashinta kuwa sai ta jira jikarta ta dawo daga makaranta ta karanta mata, ga shi ta daina ɗinkin da take yi da dare don zura zare a allura ya gagare ta.

Iyayena mata da ƴan uwana ƴan kasuwa, kowa ya duba sana'arsa. Mai tsintar shinkafa da wake, mai kitso, mai zanen lalle, tela, mai gyaran waya da agogo, maƙeran azurfa na Agadas masu zana ado siriri a kan sarƙa da zobe, matan da ke aikin fata, mai shago da zai duba ranar lalacewar gwangwani ko magani, mai awo a sikeli, duk aikinsu a tazarar hannu yake. Yanzu kuma ga wayar salula ta shigo, saƙon kuɗi da lambar sirri da lambar wanda za a aika wa duk da ƙananan rubutu suke zuwa. Wanda ba ya gani dole ya miƙa wa wani wayarsa, wanda ya miƙa wayarsa kuwa ya miƙa sirrin cinikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta kan gani na shekarar 2019, ta ce mutane kimanin miliyan 826 ne suke fama da wannan matsala ta ganin kusa ba tare da sun samu tabarau ba. An kuma gwada a ga ko tabarau yana ƙara samu. A jihar Assam ta Indiya an raba wa masu tsinkar ganyen shayi gilashin karatu, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari, na waɗanda suka haura shekara 50 ma ya ƙaru da fiye da kashi 30. A ƙasar Bangladash kuma, wani binciken da aka buga a 2024 kan masu ƙananan sana'o'i a karkara ya gano kuɗin da masu tabarau suke samu a wata ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ke nan tabarau jari ne, kamar sikeli ko keken ɗinki.

Yadda ake zaɓen tabarau

Darasin da za mu ɗauka daga maharba shi ne, ana zaɓen gilashi ne daidai da tazarar aiki. A jikin kowane gilashin karatu akwai lamba, daga +1.00 har zuwa +3.00 ko fiye. Yawanci ɗan shekara 40 zuwa 45 da +1.00 yake farawa, ɗan 50 yakan buƙaci +1.50 zuwa +2.00, wanda ya doshi 60 kuma +2.50. Amma wannan kintace ne, idon kowa da irin nasa. Idan lambar ta yi girma, wurin da ake gani tsaf yana matsowa kusa da fuska. Saboda haka mai saƙa hula da ke aiki dab da ƙirjinta ba lamba ɗaya za su sa da mai shago da ke kallon sikeli a kan tebur ba.

In za ki saya, ki tafi da abin aikinki, allura ce ko waya ko littafin bashi. Ki riƙe shi a inda kika saba riƙewa, ki fara gwada ƙaramar lamba, ki riƙa hawa har ki samu mafi ƙanƙantar lambar da ta fito miki da abin sarai. Ki rufe ido ɗaya ki duba, ki rufe ɗayan ki duba. Idan idanun biyu ba su yi daidai ba, ko kai ya yi ciwo bayan ɗan lokaci, to na kan tebur ba zai yi miki ba, sai an auna a asibiti an yanka miki naki. Kada a ari na miji ko na makwabciya a zauna a kai. Kada kuma a tuƙa mota ko babur da gilashin karatu a fuska, don nesa dushewa take yi da shi. Sannan a ƙara haske a wurin aiki, fitila mai kyau a rumfa tana rage rabin wahalar.

Akwai masu cewa tabarau yana ƙarasa kashe ido, wai da ka fara sawa ka shiga ke nan. Wannan ba gaskiya ba ne. Madubin ido zai ci gaba da tauri ko ka sa ko ba ka sa ba, shi ya sa bayan ƴan shekaru ake canza lamba. Wasu matan kuma kunya suke ji kada a ce sun tsufa, ko a ce suna iyayi alhali ba su yi boko ba. To Hajiya, allura ba ta tambayar takardar makaranta.

Inda tabarau ba ya magani

Ba kowane raguwar gani ne tsufan ido ba. Ga wani gwaji mai sauƙi da ma'aikatan ido ma suke yi, irin dabarar nan ta maharba. Ka samu kwali ka huda shi da allura mai kauri, ka leƙa ta hudar da ido ɗaya a wuri mai haske. Idan gani ya gyaru, alama ce gilashi zai taimaka. Idan bai gyaru ba, akwai wani abu daban, sai a nufi likita.

Idan mutum yana ganin hazo kusa da nesa, hasken rana ko fitilar mota yana kashe masa ido, wataƙila yanar ido ce, kuma aikinta a asibiti ba ya ɗaukar lokaci, ana cire madubin da ya yi fari a sa na roba. Haka nan tsohon da ya daɗe da tabarau, kwatsam ya ga yana karatu ba tare da shi ba, kada ya yi murna da wuri, sau da yawa farkon yana ne. A guji masu yawo gari-gari suna sakiyar ido da tsinke. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a makwabciyarmu Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanyar gargajiya aka yi su, kuma mafi yawansu ba sa gani a lokacin da aka duba su.

Wanda ya fi haɗari shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Shi ba ya ciwo a mafi yawan lokuta, daga gefe yake fara cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mutum na iya sayen tabarau ya ga rubutu ya fito ya ce ya warke, alhali cutar tana aikinta a ɓoye. Don haka duk wanda ya kai 40, musamman idan akwai wanda ya makance a danginsu, ko yana da ciwon sukari ko hawan jini, ya je a auna masa ido ko da ba ya jin komai. Ciwo mai tsanani, ko ɗaukewar gani farat ɗaya, ko ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawa, waɗannan ba a kwana da su a gida. A kuma daina ɗiga maganin da ba likita ne ya rubuta ba, domin wasu daga cikin masu saurin kawar da jan ido, idan aka daɗe ana sa su, su da kansu suke jawo hawan jinin ido. A yanki irin namu mai rana da ƙura, rawani da malfa da baƙin gilashi mai kyau kariya ce.

Ba abin da ya gagara idan aka dage. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar kogi. Idan an iya wannan, samar wa uwa mai tallar albasa gilashin karatu bai kamata ya zama aiki ba. Kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da shugabannin mata masu adashi, su nemi ma'aikatan lafiyar ido su zo ranar kasuwa a gwada jama'a a rumfa ɗaya. Alhamis ta biyu a watan Oktoban kowace shekara ita ce ranar gani ta duniya, ana iya fakewa da ita.

Kafin in baro Cirozerin na raka matar kawu aka auna ta, ta samu lambar da ta yi mata. Da muka dawo gida ta ɗauko littafin bashinta ta zauna a bakin ƙofa tana bi layi-layi da yatsa, can sai ta ɗago kai ta ce da ni, "Ɗan nan, ashe akwai jika uku da na manta da su a wurin mutane." Kawu ya ce to a fara biyansa kuɗin shayi.